Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Ta Inda Ya Kamata Ɗan Ikara, Maƙarfi da Kudan Ya Shiga Karatun Turanci

Akwai wani irin karatu da malaman makarantun karkara suka saba da shi har ya daina ba su mamaki. Ɗalibi zai miƙe da littafin Turanci a hannu, ya bi layi da yatsa, ya furta kalmomi ɗaya bayan ɗaya har ya kai aya ta ƙarshe. Da zarar an rufe littafin an ce ya faɗi da Hausa abin da ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. Bakinsa ya karanta, kansa bai ji ba. Alhali wannan yaron, da an tashi daga makaranta, shi ne zai lissafa kuɗin dami goma sha biyu na rake ba alƙalami ba takarda, ya dubi ganyen tumatir ya ce tsutsa ta shiga, ya san gonar da ke son ban-ruwa yau da wadda za ta iya jira zuwa jibi.

Wanda ke da wannan basira ba za a ce masa daƙiƙi ba. Matsalar tana cikin abin da aka ɗora masa. An ba shi harshen da bai sani ba, a cikinsa kuma ana ba shi labarin duniyar da bai taɓa gani ba. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan: taura biyu ba ta taunuwa. Hanya mafi kusa ta fitar da yaron Ikara, Maƙarfi da Kudan daga wannan ƙangi ita ce a cire masa taura ɗaya. A fara koya masa karanta Turanci da abin da ya riga ya sani, wato al'adarsa, sana'o'in da yake gani da ƙasar da yake takawa, sa'annan a bi ta wannan ƙofa a fita da shi zuwa sauran duniya.

Abin ba na wannan yanki kaɗai ba ne. A rahoton da Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF da wasu hukumomi suka fitar a 2022, an ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89. Sai dai ciwo ko da ya zama gama-gari, maganinsa a gida ake haɗa shi, da itatuwan da ke kusa.

Mene ne karatu?

A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana karatu ta hanyar da har yau ake dogaro da ita. Suka ce fahimtar rubutu tana fitowa ne daga abu biyu: iya haɗa baƙi a fitar da kalma, da kuma fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi. Dangantakar da ke tsakaninsu irin ta lissafin sau ce. Idan ɗaya ya zama sifiri, sakamakon ma sifiri ne, komai girman ɗayan. Yaron da ke furta kalmomi ba ya ji ya samu na farko, ya rasa na biyu.

Ko na farkon ma bai zo masa da sauƙi ba. A rubutun boko na Hausa, kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, shi ya sa wanda ya san baƙaƙe da wasula zai iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Turanci kuwa haruffa 26 gare shi, amma sautukansa sun kai kimanin 44. Kalmomin “though” da “through” da “tough” sun ƙare da haruffa huɗu iri ɗaya, kowacce da furucinta daban. Bahaushe kuma bai rarrabe sautin “p” da na “f” a harshensa, saboda haka “pan” da “fan” duk ɗaya ne a kunnensa sai an horar da shi. Wannan aiki ne da dole a yi shi daki-daki, ba a tsallake shi.

Na biyun ya fi nauyi. Binciken da Marcella Hu da Paul Nation suka wallafa a 2000 ya nuna cewa mai koyon Turanci yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya karanta shi da kansa ya fahimta yadda ya kamata. Ma'ana, baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. Idan baƙin kalmomi suka kai ɗaya cikin biyar, karatu ya koma tafiya cikin duhu, ana taka ƙafa ba a san inda za ta sauka ba.

Akwai kuma abu na uku da ya fi ɓoyuwa, shi ne sanin abin da ake magana a kai. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka gwada ɗalibai 64 a Amurka da wani rubutu a kan wasan besbol. Cikin ɗaliban akwai gwanayen karatu da masu rauni, akwai masu sanin wasan da waɗanda ba su san shi ba. Sakamakon ya ba da mamaki: masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimtar rubutun. Abin da mutum ya sani tun kafin ya buɗe littafi shi ne ƙugiyar da yake rataya sababbin kalmomi a kai. Yaron Gubuchi ko Likoro yana da ƙugiyoyi masu yawa. Abin tambaya shi ne ko littafin da aka ba shi yana da abin ratayawa a kansu.

Littafin da ke shimfiɗe a ƙasa

Waɗannan ƙananan hukumomi uku na masarautar Zazzau ƙasar noma ce ta damina da rani. Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila. Ikara ta yi suna da tumatir da barkono da masara, kuma a nan gwamnatin jiha ta kafa masana'antar sarrafa tumatir tun farkon shekarun 1980, wadda ta sha tsayawa da tashi. Kudan, mai hedikwata a Hunƙuyi, ga rake ga kayan lambu, ga kuma noman inabi da ya ɗaga sunanta a 'yan shekarun nan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan darasi ne da ke jiran marubuci.

A ɗauki mazarƙwaila. Ana sare rake, a kai wurin matsa, a tace ruwan, a dafa shi a babban kasko ana kwashe kumfa har ya yi kauri, a zuba a ƙananan mazubai ya daskare. Matakai ne a jere, kowanne da aikatau nasa: yanka, matsa, tace, tafasa, zuba, sanyaya. Shafi ɗaya na Turanci mai sauƙi a kan wannan aiki zai koya wa yaro waɗannan kalmomi tare da kalmomin jeranta zance, irin su da farko, bayan nan, daga ƙarshe. Ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ke faruwa, domin ya sha gani. Duk ƙarfin ƙwaƙwalwarsa zai tafi wajen harshen. Kuma wannan tsari na bayyana matakai shi ne zai sake cin karo da shi a littafin kimiyya na sakandare, inda ake bayanin tacewa da tururi da daskarewa.

Ta fuskar al'ada, ga tashe a watan azumi, ga hawan salla, ga gayya, ga bikin suna, ga dambe da kokawa bayan kaka. Ga labarin Sarauniya Amina da ganuwar Zariya, ga Masallacin Juma'a na birnin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Irin waɗannan batutuwa su ne suka fi dacewa da koyon ba da labari da siffantawa, wato wa ya zo, me ya sa, me ya faru bayan nan. Suna da wani amfani kuma. Yaron da ya ga hawan salla an rubuta shi da Turanci zai gane cewa harshen nan ba mallakar wasu mutane ba ne can nesa, kayan aiki ne da za a iya faɗin nasa da shi.

Ta fuskar sana'a, Turanci ya riga ya shigo kasuwa ko an so ko an ƙi. Mai POS a Tashar Yari kullum yana fama da kalmomin “pending” da “declined” da “reversal”, kuma rashin sanin bambancinsu kan jawo rigima da asarar kuɗi. Buhun taki yana ɗauke da NPK 15-15-15, na yuriya yana ɗauke da kashi 46, kuma kowace lamba tana da ma'ana. A garin Maƙarfi akwai kwalejin kimiyyar lafiya mai sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris. Yarinyar da ke mafarkin shiga wannan makaranta ta zama ungozoma ko jami'ar lafiya dole ta ci Turanci a jarrabawar kammala sakandare, kuma in ta shiga, littattafanta da takardun magani duk da Turanci suke. Rubutu a kan yinin ma'aikaciyar asibitin ƙauye, ko na malamin gona, ko na mai gyaran injin ban-ruwa, yana koyar da kalmomi, yana kuma nuna wa yaro hanyoyin da bai san akwai su ba. Zariya na nan kusa, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. Ga yaron da bai iya karatu ba, tazarar da ke tsakaninsa da su ta fi ta hanyar mota nesa ba kusa ba.

Ta fuskar muhalli ne abin ya zama na rai da lafiya. A jikin kwalbar maganin feshi an rubuta yawan abin da za a zuba a tanki, da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki amfanin gona, da abin da za a yi idan ya shiga ido. A ƙasan takardar akwai zanen launi, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore, mai nuna ƙarfin gubar. Mafi yawan wannan bayani da Turanci yake. Manomin da bai iya karanta shi ba da ƙiyasi yake aiki, ko da abin da mai shago ya faɗa masa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari a jikinsa, irin sinadarin da ake kira fiya-fiya. Waken da Turai ta ƙi, a gida aka ci irinsa. Ɗalibin aji shida da zai iya karanta wa mahaifinsa takardar kwalbar nan ya riga ya biya kuɗin makarantarsa.

Akwai wata gada kuma da ba a cika lura da ita ba. Yaron Hausa ya zo makaranta da ɗimbin kalmomin Turanci a bakinsa sanye da rigar Hausa: bokiti, famfo, injin, mota, direba, tela, tebur, siminti, lita, asibiti. Malamin da ya nuna masa cewa bokiti da “bucket” abu ɗaya ne ya ba shi kalma kyauta, ya kuma cire masa tsoro.

Zariya ta taɓa yin irin wannan

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. A Zariya ne Hukumar Talifi, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, domin an lura cewa an koya wa mutane boko amma ba su da abin karantawa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Bayan 'yan shekaru Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya sa musu sunaye da garuruwa da ɗabi'un Hausa. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. A shekarun 1950 kuma, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai a kan noma da tsafta da sana'o'i domin manya da suka fara karatu.

Abin da Imam ya yi shi ne ya kawo baƙuwar duniya cikin sanannen harshe. Abin da ake bukata yanzu shi ne a juya dabarar, a kawo sananniyar duniya cikin baƙon harshe. A duka biyun ƙa'idar ɗaya ce, baƙo ɗaya ake saukewa a lokaci guda.

A Barazil ma, a farkon shekarun 1960, Paulo Freire ya koyar da manya kimanin 300 karatu cikin 'yan makonni a arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ya shahara da noman rake. Kafin ya fara, sai da ya aika a saurari kalmomin da mutanen ke amfani da su kullum, ya gina darussansa a kansu. Gaskiya ne cewa da harshensu na gado ya koyar da su, saboda haka aikinsa ya fi na malamin Turanci a Paki sauƙi. Amma tushen abin bai canja ba.

Masu ja da wannan ra'ayi

Akwai ƙorafe-ƙorafe masu nauyi a kan wannan hanya, kuma bai kamata a share su ba.

Na farko na iyaye ne. Manomi zai ce ya kai ɗansa makaranta ne don ya san abin da shi bai sani ba, ba don a sake ba shi labarin rake ba. Malamin sakandare zai ƙara da cewa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ba su san Maƙarfi ba, rubutun da za su kawo yana iya zama a kan teku ko cinikin duniya. Dukansu suna da gaskiya, kuma da a ce manufar ita ce a tsare yaro a gonar ubansa, da wannan hanya zalunci ce. Amma rake da kansa matafiyi ne. Asalinsa tsibirin Niyu Gini, a Indiya aka fara mayar da ruwansa sukari mai ƙwaya, Larabawa suka yaɗa shi, kuma saboda shi aka kwashi miliyoyin 'yan Afirka zuwa gonakin Barazil da tsibiran Karibiyan. Kalmar sukari ta Hausa da “sugar” ta Turanci duk ta hannun Larabci suka biyo. Yau Barazil ce ta fi kowace ƙasa noman rake, har man mota take yi da shi. Shafi na farko a Maƙarfi yake, na biyar ya kai Indiya, na goma ya shiga tarihin cinikin bayi da kimiyyar makamashi.

Haka tumatir. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Arewa har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, masana'antar Dangote da ke Kadawa a Kano ma ta tsaya saboda rashin kaya. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, an fara ganinsa a Sifen a 2006, ya bi ta Arewacin Afirka ya gangaro. Yaron Ikara da ya ji labarin wannan shekara daga bakin iyayensa yana da dalilin da zai sa ya so sanin inda Sifen take, da yadda ƙwaro ke ƙetare teku. Abin da aka sani ƙofa ne, ba a mayar da shi katanga.

Ƙorafi na biyu ya fi dabara. Idan yaro ya san batun, zai iya amsa tambayoyi da ka ba tare da ya karanta ba, malami ya ɗauka an iya. Wannan haɗari ne na gaske, kuma maganinsa yana hannun marubucin darasi. Kowane shafi ya ƙunshi wani abu da yaron ba zai sani ba sai ya karanta, kamar lamba ko suna ko wani dalili, tambayoyin kuma su dogara a kan wannan.

Na uku shi ne malamai. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, ta kuma sallame su. An yi ta muhawara a kan adalcin gwajin, amma ba wanda ya musa cewa akwai rauni. To, wanda Turancinsa ke da rauni yaya zai koyar? Amsar ita ce wannan hanya ta fi taimakon irin wannan malami fiye da kowace. Malamin da aka ba shi rubutu a kan abin da bai taɓa gani ba, shi ma taura biyu yake taunawa a gaban ɗalibai, sai ya fake da a maimaita bayansa. Wanda aka ba shi rubutu a kan noman rani kuwa yana da abin faɗa, yana iya tambaya, yana iya gane kuskure. Wannan ba ya maye gurbin horar da malamai, amma yana rage ɓarnar da ake yi kafin horon ya iso.

Na huɗu, kada a mayar da batutuwan gida hanyar daskarar da kowa a inda aka same shi, a ce yarinya ta karanta girki, yaro ya karanta injin. Duk shafin da aka rubuta na kowa ne. Haka kuma yankin ba na manoman Hausa kaɗai ba ne, akwai Fulani makiyaya da sauran al'ummomi, kuma yaransu suna da hakkin su ga rayuwarsu a takarda.

Matsayin Hausa

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a azuzuwan farko kafin a koma Turanci. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita wannan zuwa shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan tsari da komawa Turanci tun daga farko. Cikin shekara uku an yi gaba an yi baya, alhali a ajin ƙauye abin da ake yi bai canja sosai ba: malami ya karanta da Turanci, ya yi bayani da Hausa.

Duk inda manufa ta karkata, akwai gaskiyar da ba ta sokuwa da sanarwa. Sau ɗaya mutum ke koyon cewa alamomin takarda suna wakiltar sauti, kuma ya fi saurin gane haka a harshen da yake ji. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida tare da ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa ba su koma baya a Turanci ba. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato a kan wannan tunani aka gina shi, a fara da Hausa a haye zuwa Turanci. Saboda haka mai son ɗansa ya iya Turanci ba shi da dalilin jin tsoron Hausa. Takarda ɗaya mai fuska biyu, Hausa a gaba Turanci a baya, a kan batu ɗaya, ta fi doguwar muhawara amfani.

Wa zai rubuta?

Darasin da ake magana a kai ba shi da wuyar tsarawa. A fara da hira da Hausa a kan batun na 'yan mintoci, yara su faɗi abin da suka sani. A fitar da sababbin kalmomi biyar ko shida, a furta su, a rubuta. Malami ya karanta shafin da ƙarfi, yara su karanta bibbiyu, sa'annan kowa ya karanta shi kaɗai. A yi tambayoyi, daga ƙarshe kowane yaro ya rubuta jimla biyu tasa ta kansa. Mako mai zuwa a kawo shafin da ya ɗan fi nisa da gida, wanda ke maimaita kalmomin baya.

Sai dai shafi ɗaya ba ya yin mai karatu. A farkon shekarun 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai suka zuba littattafan labarai na Turanci masu daɗi, kimanin 250, a azuzuwan wasu makarantun karkara takwas a Fiji, inda Turanci ba harshen gida ba ne. Cikin watanni takwas ci gaban yaran a karatu ya kusa ninka na takwarorinsu. Yawa yana da muhimmanci. Ana bukatar shafuka ɗaruruwa, kuma manyan kamfanonin ɗab'i da ke buga wa ƙasa baki ɗaya ba za su rubuta littafi don Kudan kaɗai ba.

Nan ne maganar ta dawo kan 'yan bokon yankin, waɗanda ke Zariya da Kaduna da Kano da Abuja da ƙasashen waje. Likita zai iya rubuta kalmomi 150 a kan abin da ke faruwa idan an kawo yaro mai zazzaɓi. Masanin noma ya rubuta a kan takardar kwalbar feshi. Injiniya ya bayyana yadda injin ban-ruwa ke jawo ruwa daga rijiya, ma'aikaciyar banki ta bayyana saƙon da ke shigowa waya bayan an tura kuɗi. Malaman Turanci na kwalejojin ilimi da ke Zariya su daidaita harshen gwargwadon aji, malaman firamare su gwada su faɗi inda ya yi tsauri. Manhajar Bloom kyauta ce, an yi ta ne don haɗa ƙananan littattafai, kuma shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labarai, har da na Hausa, da aka yarda kowa ya sauke ya buga. Abin da ya rage shi ne hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin uku da kwamitocin kula da makarantu su buɗe ƙofa, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma su ɗauki kuɗin bugawa.

An saba idan ɗan gari ya samu, ya gina aji ko ya sayi kujeru, a yanka kirtani a ɗauki hoto. Wannan alheri ne, kuma ana bukatarsa. Amma aji mai sabon fenti da babu abin karantawa a cikinsa rumbu ne ba hatsi. Shafi ɗaya da ƙwararre zai rubuta a yammacin Asabar ba ya bukatar kwangila ko amincewar majalisa. Idan mutum hamsin daga Ikara da Maƙarfi da Kudan suka rubuta shafi biyar-biyar, an samu 250, daidai adadin da ya sauya azuzuwan Fiji. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan yaƙin makamin alƙalami ne.